Mun Koyar Da Sana'a, Amma Faɗan Daba Bai Ragu Ba

Tambaya: Ƙungiyarmu ta samu tallafi daga wata hukumar ƙasar waje don rage faɗan daba a unguwa. Mun koya wa matasa ɗinki da gyaran waya, mun raba musu kayan aiki, amma shekara ta zagayo faɗan yana nan. A ina muka kuskure?

Amsa: Galibi matsalar tun wajen ɗaukar sunaye take farawa. Idan aka yi shela cewa duk mai son sana'a ya zo, yaran da ke zuwa su ne waɗanda dama ba sa faɗa. Mai yawo da wuƙa ba ya bin layin cike fom. Binciken da aka yi a birane da dama ya nuna 'yan tsiraru ne ke haddasa mafi yawan zubar da jini, a lunguna ƙalilan, kuma yawanci ramuwar gayya ce.

Don haka ku koma baya. Ku tattara bayanan shekara guda daga asibiti da ofishin 'yan sanda da bakin mutanen unguwa: wane lungu, wace rana, ƙarfe nawa, tsakanin wa da wa, kuma me ya jawo. Daga nan za ku gane matasan da ya kamata ku nema. Jerin sunayen nan amana ne. Ranar da ya faɗa hannun jami'an tsaro, ranar aikinku ya mutu.

Neman waɗannan matasa sai wanda suke jin maganarsa. Tsarin Cure Violence, wanda likita Gary Slutkin ya fara a Chicago a 2000, yana ɗaukar tubabbun 'yan daba aiki a matsayin masu shiga tsakani. Da zarar an sari wani, sai su isa asibiti da gidansu cikin sa'o'i kaɗan, kafin abokansa su shirya ramuwa. Sakamakonsa bai zo ɗaya a ko'ina ba: ya yi tasiri a wasu unguwanni, a wasu kuma bai yi ba. Abin da ke kawo cikas sananne ne: a zaɓi wanda matasa ba sa ganin girmansa, ko albashi ya riƙa makara, ko a bar shi ba mai sa ido har ya koma ruwa.

Batun sana'a kuwa, gwajin da aka yi a Monrovia, babban birnin Laberiya, ya fi komai amsa tambayarku. An ɗauki maza 999 masu harkar sata da sayar da ƙwaya da faɗa. Wasu aka ba su dala 200, wasu aka sa su zaman gyaran tunani da ɗabi'a na mako 8, wasu suka samu duka biyun. A zaman ana koya musu danne fushi, da tsayawa a yi tunani kafin a ɗaga hannu, da tsara abin da za a yi gobe. Waɗanda suka samu kuɗi kaɗai, amfanin ya gushe kafin shekara. Waɗanda suka fara da zaman sannan kuɗin ya biyo baya, bayan shekara 10 laifukansu sun ragu da kusan rabi. A ganina nan ne giɓinku: kun ba da jari kafin a gyara halin mai riƙe shi.

Sai ku duba yarjejeniyarku da masu tallafin. In ma'aunin nasara shi ne yawan waɗanda suka halarci horo, dole ku riƙa cika ɗaki da masu sauƙin samu. Ku nemi a mayar da shi yawan raunukan da ake kaiwa asibiti da yawan rigingimun da aka sasanta.

Kada kuma ku jira tallafi ya ƙare kafin ku nemi madadinsa. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, zuwa Yuli aka rufe USAID, hukumarta mai raba wannan tallafi, shirye-shirye da yawa suka tsaya cak. Tun yanzu ku nemi ƙaramar hukuma ta ɗauki albashin masu shiga tsakani, ko da na mutum biyu ne, ta sa shi cikin kasafinta na baɗi.