Demarer ɗin Celica yana yin "ƙas" sau ɗaya, injin bai juya ba

Tambaya daga wani mai karatu a Tawa: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Celica ta 1992 mai giyar hannu. Da safe tana tashi lafiya, amma in na yi tafiya ta yi zafi, na kashe, sai in murɗa makulli in ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Fitilun tablo ba sa dushewa. In yaro ya ƙwanƙwasa demarer (na'urar da ke juya injin ya tashi) da ƙarfe sai ta tashi. Na sayi sabon batir, ba ta daina ba. Kuma in ta kwana uku a ajiye batir ɗin yakan yi sanyi. Makanike ya ce a canja demarer gaba ɗaya. Me kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi demarer tukuna. Matsala biyu ce ka kawo mana, kuma mai yiwuwa babu wadda ke buƙatar sabon demarer a cikinsu.

Ƙarar da kake ji ita ce farkon bincike. In "ƙas-ƙas-ƙas" ce da sauri, wuta ce ta yi ƙasa: batir ko kososhinsa, wato ƙarafan da ke ɗaure kebul a kan sandunan batir. In babu ƙara sam, umarnin ne bai kai ba, sai a duba kontak (inda ake murɗa makulli), rele (ƙaramin makunni mai aiki da wuta) da fizibil (ƴar wayar da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa). Taka kuwa ƙara ɗaya ce mai ƙarfi, fitilu na nan da haskensu. Ma'anarta solenoyid, wato makunnin da ke jikin demarer mai haɗa masa wutar batir, ya motsa, amma babbar wutar ba ta ratsa zuwa motar demarer ɗin ba, wato ɓangarensa da ke juyawa. Da ta ratsa, demarer na injin silinda huɗu yana jan amfiya 120 zuwa 200, dole ka ga fitilun sun ɗan dushe.

Toyota na wancan zamani demarer ɗin Denso suke ɗauke da shi, kuma an san lagonsa. A cikin solenoyid akwai ƙananan tagulla biyu masu lanƙwasa, da wani fiston mai faifan tagulla a kansa. Duk lokacin da ka murɗa makulli, faifan yana bugun tagullar nan biyu ya haɗa su, wuta ta yi tartsatsi. Shekara talatin da wani abu ana wannan bugu, sai tagullar ta cinye ta yi rami, musamman ta ɓangaren batir. Faifan sai ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya. Ƙwanƙwasar da yaro ke yi girgiza shi take ya zauna daidai. A daina ta, don wasu demarer ɗin maganaɗisu ne a jikinsu, bugu mai ƙarfi yana fasa shi.

Amma kafin a kwance komai, a auna. Multimita ƙarama, wato na'urar auna wuta, ta isa. A bar motar ta huta awa biyu ko uku, a auna batir: volt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi. Sannan wani ya murɗa makulli ana kallo. In injin yana juyawa, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Sabon batir ba hujja ba ne, domin wanda ya daɗe a shago cikin zafin watan Afrilu yakan zo da rauni.

Awon da ya fi muhimmanci, wanda garejoji da yawa ke tsallakewa, shi ne na wutar da ke ɓacewa a hanya. A yi shi lokacin da motar ta yi zafi ta ƙi tashi, giya a fanko, birkin hannu a ja. A ɗora jan tsinken multimita a kan sandar batir ta (+), kan dalmar kanta, ba kan kos ba. Baƙin kuma a kan babban noti na demarer inda kebul ɗin batir ya sauka. A murɗa makulli. Kada ya wuce volt 0.5. Sai a koma mas, wato hanyar da wuta ke bi ta jikin ƙarfe ta koma (-) na batir: tsinke ɗaya a sandar (-), ɗaya a jikin demarer inda ƙarfe yake fes. Nan kada ya wuce 0.3. In ya wuce, kebul ne ko mahaɗinsa. Motocin da suka yi shekaru a Turai kafin a shigo da su ta Kwatano ko Lome, gishirin hanyar can yakan ci igiyar mas da ke tsakanin injin da jikin mota, ta yi kore a cikin roba alhali daga waje lafiya lau take. Gwaji mai sauƙi: a ɗauki kebul ɗin jona batir, a haɗa (-) kai tsaye da jikin injin. In ta tashi nan take, mas ne.

Ƙaramar wayar da ke shiga solenoyid, wadda ake kira lamba 50, ita ma a auna ta ana murɗa makulli. A nemi volt 10.5 ko sama. In 8 ko 9 aka gani, tsohon kontak ne ko wata na'urar hana sata da aka yanka wayar aka jona mata, aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. Zafi yana ƙara wa tagulla taurin wucewar wuta, shi ya sa abin da ya isa da sanyin safiya ba ya isa da azahar.

In waɗannan duka sun fita lafiya, kuma babban notin yana da volt 12 amma ɗaya notin da ke shiga motar demarer ba ya samun komai lokacin ƙarar, to tagullar ce. A cire kos ɗin (-) na batir da farko, kullum. A sauke demarer, a kwance sukurori uku na murfin solenoyid, a zare fiston da sifirin ɗinsa. A canja tagullar biyu tare, da fiston in faifansa ya yi ƙuraje. Wurin da aikin ke ɓaci shi ne ɗauri: dole a danne tagullar ta kwanta lebur lokacin da ake ɗaure notin, in ta karkace ko kaɗan, gefe ɗaya zai riƙa ɗaukar wutar ya ƙone cikin ƴan watanni. Robobin da ke raba notin da jikin ƙarfe su koma yadda aka same su. Tunda an buɗe, a duba sharbon, wato ƴan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, a hure ƙurar hunturu. In ba a samu tagullar a Tawa ba, a aika Yamai da tsohuwar a hannu, don girmansu ya bambanta. Mu dai mun fi yarda da asalin Denso da aka gyara a kan sabon da ba a san maƙerarsa ba.

Batir da ke sanyi cikin kwana uku kuwa daban ne. A tada injin a auna: volt 13.8 zuwa 14.4 ake so daga alternater, wato na'urar da ke cajin batir. In ya yi daidai, wani abu ne ke shan wuta a ɓoye. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire kos ɗin (-), a sa multimita a ma'aunin amfiya 10 tsakanin kos da sandar batir. Kada a kuskura a murɗa makulli a haka, multimitar za ta ƙone. Motar wannan zamani ba ta kamata ta ja fiye da amfiya 0.05 ba. In ta wuce, a riƙa cire fizibil ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Rediyon da aka jona kai tsaye da batir da fitilar but da ba ta mutuwa su ne kan gaba. In an gama fizibil lambar ba ta motsa ba, a raba multimitar, a cire babbar wayar bayan alternater a naɗe bakinta, a sake aunawa. In ta faɗi, diyod ɗin alternater, wanda ke hana wuta komawa, shi ne ya fashe yana mayar da wuta baya.

Kososhin batir a wanke su da cokali ɗaya na bikarbonat cikin kofin ruwa, a goge, a ɗaure, sannan a shafa giris a sama. Kuma har a gama gyaran, kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere. Ka ba demarer minti ɗaya ya huce kafin ka sake.