Tambaya da Amsa: Shin Hyde Park ya cancanci yini guda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma zan je Landan bikin kammala karatun 'yata. Ina da rarar kwana ɗaya, ita kuma ta nace sai mun je wani lambu mai suna Hyde Park. Ni a ganina mutum ba ya ƙetare teku don kallon ciyawa. Shin wurin ya cancanci lokacin? Kuma yaya batun sallah da abinci? Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Shawarata ita ce ka bi zaɓinta, amma ka sa ranar ta zama Lahadi, domin a ranar ce lambun yake nuna abin da ya bambanta shi da sauran.

Filin da za ka taka ya kai eka 350, kuma asalinsa mallakar malaman cocin Westminster ne, har shekarar 1536 da Sarki Henry na Takwas ya ƙwace shi ya mayar da shi dajin farautarsa. Talaka bai samu shiga ba sai 1637, a zamanin Sarki Charles na Ɗaya. Yau ba a biyan ko kwabo a ƙofa, kuma a buɗe yake daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare.

Ka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Marble Arch, ka tsallaka titi, sai ga ka a kusurwar da ake kira Speakers' Corner, wato dandalin masu jawabi. Tun 1872 doka ta amince da taron jawabi a wannan lambu, bayan shekarun da 'yan ƙwadago da masu neman 'yancin zaɓe suka yi suna artabu da 'yan sanda a kansa. Za ka ga mutum ya zo da ɗan tsaninsa ko akwati, ya hau, ya fara kwararo bayani kan siyasa ko addini, jama'a sun yi masa zobe, wasu na tafi, wasu na katse shi da baƙar magana. A 'yan shekarun nan muhawara tsakanin Musulmi da Kirista ta fi yawa a wurin, kuma a nan nake jan kunnenka: za ka iya jin kalaman da a Kano ba mai furta su a bainar jama'a, kuma kusan kowa riƙe yake da waya yana ɗauka don sakawa a YouTube. Ka saurara gwargwadon haƙurinka, idan ranka ya fara ɓaci ka ja 'yarka ku yi gaba.

Daga nan ku nufi kudu zuwa tafkin Serpentine, wanda aka haƙa a 1730 bisa umarnin Sarauniya Caroline, inda ake hayar ƙananan jiragen ruwa idan yanayi ya yi kyau. Bakano da ya tashi yana kallon hawan sallah kuwa, abin da zai fi tsayar da shi shi ne hanyar dawakai mai rairayi da ake kira Rotten Row, domin barikin dakarun dawakin sarki yana gefenta, kuma wanda ya yi sammako yakan dace da su suna motsa dawakai.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Titin Edgware yana farawa ne daga Marble Arch, cike da gidajen abincin Larabawa masu naman halal. Babban Masallacin Landan yana gefen lambun Regent's, tafiyar kamar rabin sa'a a ƙasa. Sai dai ka duba jadawalin sallah tun da safe, domin a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare. Bayan gidan lambun babu buta, don haka ka riƙe gorar ruwa, ka kuma ɗora rigar sanyi a kan kaftaninka ko da gari ya waye da rana.