Mai gini ya ce zai sa wa shago kwaɗo saboda bashin haya na lokacin kulle

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a kasuwar Idumota da ke Legas ya aiko da tambaya. Kuɗin hayar shagonsa na shekara ya ƙare a watan Afrilu na 2020, shagon yana rufe a lokacin saboda kullen annobar korona, kuma yanzu mai ginin ya ce ko ya biya gaba ɗaya cikin mako biyu ko a sa wa ƙofar kwaɗo. Yana so ya sani ko doka ta yafe masa hayar watannin da bai yi ciniki ba.

Alhaji, amsar farko ba za ta yi maka daɗi ba. Dokar kullen da Shugaba Buhari ya sanya wa Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris na 2020, wadda aka fara sassautawa ranar 4 ga Mayu, ta hana ka buɗe shago, amma ba ta ɗauke maka bashin haya ba. Lauyoyin gidaje sun yi ta muhawara a kan ko annoba za ta iya zama uzurin da ya fi ƙarfin mutum, sai dai wannan uzuri yana aiki ne idan an rubuta shi a cikin yarjejeniyar haya tun farko, kuma mafi yawan 'yan kasuwarmu ba su da komai a hannu sai rasit guda da ejan ya yage daga littafi.

Kwaɗon da ya ambata kuwa ba hurumin mai gini ba ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, wadda ta shafi shaguna kamar yadda ta shafi gidajen kwana, ta mayar da korar ɗan haya da ƙarfi laifi, haka ma cire masa rufi ko yi masa barazana domin ya tashi, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin wata shida. Kotu ce kaɗai ke fitar da mutum. Mai biyan haya shekara-shekara yana da haƙƙin notis na wata shida idan ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, sannan a ƙara masa na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Amma idan takardarka ta ce haya ce ta shekara ɗaya tak, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, to na kwana bakwan nan kawai ya rage maka, saboda haka ka ciro takardar daga durowa ka kai wa lauya ya karanta maka ita kafin ka buga ƙirji. Wannan doka ba ta aiki a Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA, amma Idumota tana ƙarƙashinta.

A ganina, zuwa kotu ba zai amfane ku ba ku biyun. An dakatar da zaman kotuna a ƙarshen Maris na 2020, shari'u sun taru, kuma mai ginin ya san cewa samun sabon ɗan haya mai kuɗin shekara a hannu a wannan yanayi ba abu ne mai sauƙi ba. Nan ne ƙarfinka yake. Ka lissafa abin da shagon ke kawowa a mako yanzu, ba abin da yake kawowa kafin annoba ba, ka je masa da wani abu a hannu ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, tare da shugaban layinku a matsayin shaida, ka nemi a raba sauran zuwa wata-wata. Duk abin da kuka tsayar a rubuta shi, ku sa hannu, kuma ka biya ta banki domin shaida ta tsaya. Kada ka karya farashin shadda don ka biya a dunƙule, domin Babbar Sallah na tafe kuma jarin ne zai biya hayar baɗi.

Idan ya ƙi saurare, Cibiyar Sasanta Jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas tana zaunar da mai gida da ɗan haya kyauta. Idan kuma ka wayi gari ka tarar da kwaɗo a ƙofa, kada ka fasa shi. Ka ɗauki hoto da wayarka, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, sannan ka kira lauyanka a ranar.