Ladabi, Biyayya da 'Yan Amshin Shata

Wata malamar firamare daga Ƙofar Marusa a Katsina ta aiko tana cewa: "Malam, kullum bakinmu 'ladabi da biyayya'. Abu ɗaya ne? Ina da ɗalibi da ba ya wuce ni bai durƙusa ba, amma in na sa shi abu sai ya ce, 'Malama, don me?' Abokan aikina sun ce ba shi da biyayya."

Malama, tafiyarsu ɗaya amma ba gidansu ɗaya ba. Ladabi baƙo ne, daga Larabci muka aro shi, al-adab, kuma "l" ɗin farkon nan ragowar "al" ce, kamar a labari, lahira da liman. Aikinsa tsara yadda za a yi: sassauta murya, tuɓe takalmi a bakin zaure, karɓar abu da hannun dama, ƙin kiran sunan babba gatsal. Biyayya kuwa 'yar gida ce. Daga "bi" ta fito, aka liƙa mata ɗafa-ƙeyar "-ayya", irin ta soyayya, ƙiyayya, jayayya da tarayya. Ki lura, yawancin waɗannan abubuwa ne da ba a yi sai da mutum biyu, kowa da nasa kason. Ba doka ce marar togaciya ba, amma ina son a riƙa tuna wa manya cewa ƙirar kalmar kanta ta ɗora wa wanda ake bi wani nauyi.

Akwai ta uku da ke shiga tsakaninsu, wato ɗa'a. A Larabci ma'anarta bin umarni ne tsantsa, da ta zo hannunmu sai ta karkata wajen natsuwa da kyawun hali. Shi ya sa shirin nan na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari na 1984, lokacin da aka tilasta wa mutane bin layi, aka kira shi Yaƙi da Rashin Ɗa'a.

Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa a Ingila, ya tattara siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ladabi na ciki, biyayya ba ta samu kujerar kanta ba. Ɗalibinki mai ladabi ne, kuma tambayar dalili ba ƙin bi ba ce. In ya ji dalilin ya noƙe, sannan a zauna a yi magana.

Tambaya ta biyu daga wani ɗan Daura ce da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: "An ce hali zanen dutse, an kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanne ne gaskiya? Mu biyu ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yayana ko me aka ce mashi 'to' ne, ni kuwa an sa mani suna mai taurin kai."

Ɗana, karin magana ba sa jin kunyar saɓa wa juna, don kowace da ranarta. Wanda ya gaji da yi wa gardi nasiha shi ke cewa hali zanen dutse, uwar da ke riƙe da ɗan shekara biyar ita ke da icce ɗanye. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai kuma aka ajiye "albasa ba ta yi halin ruwa ba" don ranar da ɗan malam ya zama abin da ya zama. Da Bahaushe ya yarda gado kaɗai ke aiki, da bai ƙirƙiri ta biyun ba.

A ganina hali shi ne abin da yaro ya zo da shi: wani mai sanyi, wani mai zafin rai, wani ba ya iya kwana in an yi fushi da shi. Tarbiyya, wadda asalinta a Larabci reno ne da raya abu har ya girma, ita ke koya mashi wa zai bi, kuma ina ne iyaka. A iyakar nan muke yawan yin sakaci. Mai bin bashi ya yi sallama a ƙofar gida, maigida na kishingiɗe a tsakar gida yana shan fura, sai ya yafito ɗansa ya rage murya: "Je ka ce ba na nan." Yaro ya yi turus, don jiya aka zane shi a kan ƙarya. Uba ya zare ido, yaro ya ruga zaure ya isar. Darasin da ya ɗauka ya fi na allo zama a kai: ƙarya haramun ce sai in babba ya sa ka.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan a zahiri. A 1961 Stanley Milgram, a Jami'ar Yale ta Amurka, ya gayyato mutane da sunan binciken koyo da hadda. Ana zaunar da mutum gaban na'urar wutar lantarki mai maɓallai, daga bolt 15 har 450, a ce duk sa'ad da "ɗalibin" da ke ɗaya ɗakin ya yi kuskure ya sakar mashi wuta, ya kuma ƙara ƙarfinta. Ɗalibin ɗan wasa ne, ba wutar da ke taɓa shi, amma mai dannawa bai sani ba. Yana jin ana dukan bango, ya waiwaya, mai rigar bincike ya ce ci gaba. Cikin maza 40, 26 sun kai maɓallin ƙarshe, wasu suna gumi suna rawar jiki.

Su wane ne suka fi bi? A 1966 Milgram da Alan Elms sun koma kan wasu daga cikinsu, suka tarar masu bi har ƙarshe sun fi ɗaukaka mai iko a zuciyarsu, kuma sun fi cewa ba su shaƙu da ubanninsu ba suna yara. Wani binciken da Laurent Bègue da abokansa suka buga a 2015, kan irin wannan gwaji da aka shirya kamar gasar talabijin a Faransa, ya nuna masu saurin jituwa da mutane da masu tsantseni wajen cika aiki sun fi sauran kai wutar sama. Wato waɗanda mu za mu ce suna da sauƙin kai, ba su da hayaniya, irin waɗanda ake nema wa 'ya aure. Wannan ya kamata ya hana iyaye sakin baki da yabon yaro don kawai bai taɓa musu ba.

Muna da sunan irin wannan bi. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa da ya rasu a 1999 aka rufe shi a garinku Daura, yana da 'yan amshi da in ya ja baiti sai su karɓa. A waƙa gwaninta ce, don ba kowa ke iya faɗawa a kan gaɓa ba. Amma da kalmar ta fita daga bakin kalangu ta shiga majalisa da ofis, "'yan amshin Shata" ta zama zambo ga wanda ya jingine hankalinsa yana karɓar duk abin da na sama ya faɗa. Jama'ar da ta ƙirƙiri wannan zambo ba za a ce ba ta san aibin makauniyar biyayya ba.

Sai dai kada ka tafi kana murna kai ne gwarzo, yayanka ne ɗan amshi. Taurin kai ƙin bi ne ko da gaskiya ta bayyana, wanda ya tsaya a kan hujja shi ake ce wa tsayayye, kuma sai ka bincika wanne ne naka. Sannan a gwajin Milgram yanayi ya fi hali ƙarfi nesa ba kusa ba. Da aka zaunar da mai dannawa tare da wasu biyu da suka miƙe suka ce ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Sau da yawa mai sanyin hali yana jiran ya ga wani ya fara ne.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wani yaron shago mai awon hatsi a kasuwar Daura: "Maigidana in ya sa ni tauye tiya na yi jinkiri, sai ya ce bin na gaba bin Allah. Haka take?"

Samari, maganar tana nan, amma an ja ta inda ba ta kai ba. An yi ta ne don tsari, kada kowa ya zama sarkin kansa a gida ko a gari. Tunda ta kira sunan Allah, to ta ɗaure kanta da dokarSa, kuma tauye mudu sura guda aka buɗe da yi wa masu yin sa kashedi, Muɗaffifina. A Bukhari da Muslim akwai labarin shugaban wata runduna da ya fusata, ya sa aka hura wuta ya ce mutanensa su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce da sun shiga da ba su fito ba, biyayya a cikin abin kirki take.

Ba sai ka ɗaga murya a gaban masu saye ba. Bari kasuwa ta lafa, ka rusuna ka ce, "Alhaji, a yi mani afuwa, kowane aiki zan yi, amma wannan ina jin tsoron a tambaye mu ni da kai." In akwai dattijon da yake jin nauyinsa a layinku, ko Sarkin Kasuwa, ka bi ta wurinsa. Zai iya yin fushi, zai ma iya sallamarka, don haka ka fara shaida wa wanda ya kawo ka wurinsa.