Tambaya: Me zai hana a rufe majalisa, talakawa su riƙa yanke hukunci da kansu?

Tambaya: Salam malam. Ni ɗalibi ne daga Talatar Mafara. Wallahi mun gaji, ɗan majalisarmu tun da muka zaɓe shi ba mu sake ganin ƙeyarsa ba, ga 'yan bindiga sun hana mu noma. A guruf ɗinmu na WhatsApp ana ta cewa a rushe majalisu gaba ɗaya, kowa ya riƙa jefa ƙuri'a ta waya kan kowace doka kamar yadda ake yi a Suwizalan. Zai yiwu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya kawo mana ƙarshen wagga masifa. Fushinka yana kan hanya, amma maganin da ake tallata muku ya fi cutar haɗari.

Ita Suwizalan ɗin ma ba ta rufe majalisarta ba. Suna da majalisu biyu masu yin doka, abin da jama'a ke da shi birki ne: in an yi dokar da ba su so, mutum 50,000 su sa hannu cikin kwana 100 sai a kai ta ƙuri'ar raba gardama, in kuma gyaran tsarin mulki suke so sai sa hannun 100,000. Kuma kada a ɗauka rinjaye kullum gaskiya ne, ta wannan hanyar ce mazan ƙasar suka hana matansu zaɓen tarayya har 1971.

Toh abin da ke ci min rai, wanda nake ji kullum a aji da wurin mai shayi, shi ne wai in aka kawar da majalisa mulki zai dawo hannun talaka. Wa ya faɗa muku? Mulki ba ya faɗuwa ƙasa a tsinta, hannun mai rubuta tambayar yake komawa. Shi zai zaɓi abin da za a tambaye ku da ranar da za a tambaya, shi ke da rediyo, shi ke da masu ƙirga, ku naku i ko a'a kawai, ba gyaran layi ɗaya ba kiran kwamishina ya zo ya yi bayanin inda kuɗin taki suka shiga. Ba sai mun je nesa ba, ga Nijar nan bayan ɗakinmu. A 2009 shugaban ƙasarsu Tandja ya so tazarce, ya rusa majalisa, ya rusa kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a, ya ce ai jama'a zai tambaya kai tsaye, aka yi ƙuri'a a watan Agusta aka ce sama da kashi 90 sun amince, ko wata bakwai ba a yi ba sojoji suka ɗauke shi a Fabrairun 2010. Nan gida ma duk juyin mulkin da ya kifar da farar hula, 1966 ne ko 1983, majalisa ce ake fara rufewa. Wallahi duk mai ce maka a rushe majalisa, ka tambaye shi wa zai rage a kan kujera.

Sai zancen waya. Kun manta Satumbar 2021 da aka datse sabis a Zamfara, mutane na tafiya har wata jiha don su kira 'yan'uwa? Da ranar aka sa ƙuri'a fa? Kuma na taɓa tsayawa a zaɓen ƙato bayan ƙato a wata firamare, na ga dattijo ya shiga layi guda, ya waiga ya haɗa ido da wanda ya ba shi bashin buhun taki, ya sulale ya koma ɗaya layin kansa a sunkuye. Ka ɗauki wannan ka kai ƙauyen da ɓarayin daji ke saka wa haraji, ka ce kowa ya danna ra'ayinsa kan dokar tsaro a gabansu.

Abin da kuke da shi a hannu wanda masu surutun guruf ba su karanta ba shi ne kiranye, wato 'yan mazaɓa su sauke ɗan majalisarsu kafin wa'adinsa ya cika. Sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 na 'yan majalisar tarayya ne, na 110 na 'yan majalisar jiha. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, a yi ƙuri'a cikin kwana 90. Da wuya kam, na Sanata Dino Melaye na Kogi a 2018 wurin tantance sa hannu ya watse. Amma ko fara tattara sa hannun na sa ɗan majalisa ya tuna hanyar gida.

Ku fara daga gunduma. Ku haɗa dattawa, matasa, malamai da mata, ku rubuta buƙatu uku kacal, ku kai ofishin mazaɓarsa a buga muku tambari a kwafinku, ku sa masa ranar da zai zo ya zauna da ku. In bai zo ba ku karanta takardar a rediyo, ku ajiye kwafin har lokacin zaɓen fid da gwani.