Amsar tambayarka kan masar sadakar Baffa Soja

Salamu alaikum dana. Naga sakonka tun ranar Talata, idon nan ne ya hanani amsawa da wuri, rubutu a waya yanzu sai da tabarau kuma sai da rana. Kace kana so ka san dalilin da yasa duk shekara in an gama shigo da amfanin gona ake toya masa a gidanmu ranar Juma'a a rabawa almajirai da makwabta ace sadakar Baffa Soja ce, alhali ba kabarinsa ba hotonsa, kuma wani abokinka yace maka bidi'a ce, sannan ka hada da tambayar ko tana da alaka da furannin da gwamnati ke ajiyewa ranar 15 ga Janairu. Toh gyara zama, don ba zan iya baka labarin masar nan ba sai na baka labarin yakin Hitila.

Baffa Soja kanin kakanka ne uwa daya uba daya, ni ne yake baffana, ku kakanku ne, sunan ne kawai ya bi bakinmu har ku ma kuka dauka. Ni ma ban ganshi ba, ya tafi kafin a haifeni. Abinda zan fada maka rabi daga bakin Baba na ji shi, da daddare a zaure in ya samu nishadi, rabi kuma na karanta ne lokacin ina koyarwa.

In ka tambayi Baba me ya kawo yakin, amsarsa daya ce, "Turawa ne suka yi rabon gado bai yi musu dadi ba." Muna yara dariya muke, sai da na girma na gane tsohon bai yi nisa da gaskiya ba. Yakin farko ya kare a 1918, aka ci Jamus, a 1919 aka zauna a Basai ta kasar Faransa aka dora mata laifi da tara mai nauyi, aka rage mata sojoji, aka kwace kasashen da take mulka, cikinsu har da Kamaru da Togo, Ingila da Faransa suka raba. Sai kuma karayar arzikin 1929 ta zo ta kan kowa, mu nan kudin gyada ne ya fadi mutane suka rasa na haraji, su can miliyoyi ne suka rasa aiki. Mai jin yunwa da haushi a hade kuwa, duk wanda ya nuna masa wanda zai zaga binsa zai yi. Hitila ya nuna musu Yahudawa da yarjejeniyar Basai, ya hau mulki a 1933. Italiya karkashin Musolini ta afkawa Habasha a 1935, Sarki Haile Selassie ya je har Janeba ya kai kuka gaban majalisar kasashe ta wancan lokacin, suka saurareshi suka tashi. Japan ita ma tun 1931 take cin yankin Sin. Kowa yaga ba mai tsawatarwa. A 1938 ma Ingila da Faransa da hannunsu suka bar wa Hitila wani yanki na Cekoslobakiya wai don a zauna lafiya, kamar ka jefawa kura kashi kace ta koshi.

A nan gida kuwa jita-jita ta cika kasuwanni wai za'a ba Jamus Najeriya a huta, kuma kashe irin wannan maganar na cikin abinda yasa aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939. Ranar 1 ga Satumba na shekarar Jamus ta shiga Polan, bayan kwana biyu Ingila da Faransa suka ce yaki, mu kuma ba wanda ya tambayemu, tunda muna karkashin Ingila shikenan mun shiga.

Abinda ya fara taba gidanmu faduwar Faransa ce a watan Yunin 1940. Nijar ta koma hannun gwamnatin Bishi ta Faransa mai biyayya ga Jamus, Cadi kuma gwamnanta bakar fata Felis Ebuwe ya bi Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ki mika wuya, sai ya zama Maradi da Damagaram bangaren abokan gaba ne a takarda, alhali gwaggon Baba tana aure a can. Fatake suka koma bin daji da dare. Gishiri yayi wuya, kananzir yayi wuya, yadi yayi wuya har mata suka koma kan kadi da saka. Jiragen sama kuma suka cika Kano, ana hada su a Takoradi su biyo Ikko, Kano, Maiduguri, Lami (Njamena ta yanzu), Kartum har Masar. Sojojinmu na farko yakin Habasha aka kai su, suka taso daga Kenya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, ba'a jima ba aka kori Italiya daga Adis Ababa. Shine asalin sunan barikin Mogadishu da kake wucewa a Abuja.

1941 ce shekarar da wutar ta kama ko'ina. A Yuni Hitila ya juya kan Rasha, wanda a ganina nan ya haka ramin kansa, a Disamba Japan ta kai wa Amurka hari a Pal Habo. Cikin 'yan watanni Japan ta kwashe Malaya da Singafo da Boma, kasar da yanzu ake cewa Miyanma. Kuzar Malaya ta kubuce wa Ingila sai ido ya dawo kan Jos, aka fara abinda tsofaffi ke kira diban gwamna, a yanka wa kowace gunduma adadin mazan da zata tura hakar kuza dole, cikin sanyin nan na Jos ba bargo ba abincin kirki, da yawa can suka kare. Haka ma daukan soja yake tafiya, magana ta sauko daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, dagaci kuma ya duba gidan da ba zasu iya masa gardama ba. Baba shi da kafarsa ya je, yace kudin aure yake nema kuma kaki ya burgeshi, ba ya boyewa. Kaninsa kuwa diba aka yi, watansa bakwai da aure, ranar wata Juma'a da aka gama daure dawa. Ka rike ranar nan.

Daga difo na Zariya aka zuba su jirgin kasa zuwa Ikko, sai jirgin ruwa makonni har Indiya, mutanen da ruwan da suka sani bai wuce na kududdufi da rafin damina ba. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Najeriya da 'yan Gwalkwas (Gana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya. Alamar ta 81 gizo-gizo ne. Tasu Baba ta 82 kuwa mashi biyu ne a gicciye kan gammo, eh gammon daukar kaya, yana nan a akwatin karfen da ke dakin gwaggonka in kaje ka ce ta nuna maka. Gammon ba ado bane. Dajin Arakan na kasar Boma, inda aka tura su, duwatsu ne da koguna da gora, mota bata shiga, shine Turawa suka ce ai bakar fata ya saba da daji kuma ya saba dauka a ka, suka kafa rukunai na 'yan dako zalla masu daukar harsashi da abinci da sassan igwa, galibinsu adda kawai ce a hannunsu. Baba mai bindiga ne har ya kai kofur. Baffa dan dako ne.

Baba baya son maganar harbi. Abinda yake yawan fada ruwan sama ne da baya daukewa, da matsattsaku da kake cirewa daga kafa da wutar taba, da abincin da ake jeho musu daga jirgi da laima wani lokaci ya fada bangaren 'yan Japan, da zazzabi da atini da suke kayar da mutum ko harsashi bai sameshi ba. Yace dan Japan baya daga hannu, sai ka wuce ya fito daga rami a bayanka. A Janairun 1945 suka ci garin Miyohong suka nausa kudu, a wannan tafiyar ne aka tare ayarin 'yan dako a bakin wani kogi gab da magariba, kowa ya jefar da kaya ya fada daji, da safe aka yi kidaya babu mutum da dama, Baffa na ciki. Baba sai bayan kwanaki ya ji, don ba rukuninsu daya ba. Ya roki izni ya je wurin, abinda ya tarar akwatunan harsashi ne a warwatse da gammaye cikin tabo.

Can Turai kuwa tun kayen da ta sha a Stalingirad ta Rasha a farkon 1943 Jamus take ja da baya, a Yunin 1944 Amurka da Ingila suka sauka Nomandi ta Faransa, Rasha ta shigo Balin, Hitila ya kashe kansa, Jamus ta mika wuya 8 ga Mayun 1945. Japan sai da aka jefa mata bam din nukiliya a Hiroshima 6 ga Agusta da Nagasaki 9 ga wata. Rayukan da suka tafi sun haura miliyan 50, Rasha kadai fiye da miliyan 20, Yahudawa miliyan 6 aka hallaka da gangan.

Baba ya dawo 1946, kuma nan ne al'adar da kake tambaya ta samo tushe. Ka san yadda muke, a yi wanka a yi sutura a sallata a kai makwanci, a yi zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, mace ta shiga takaba wata hudu da kwana goma. Duk wannan yana tsayawa ne kan an tabbatar mutum ya rasu. Toh Baba da aka titsiye shi gaban malamai yace wallahi shi bai ga gawa ba kuma ba zai yi rantsuwa kan abinda bai gani ba. Malaman garinmu 'yan Malikiyya ne basa sallar ga'ibi. Kakarmu kuma tace duk wanda ya zo mata gaisuwa ta yafe shi, danta zai dawo. Matarsa, wadda muka taso muna ce mata Inna Karama, sai da aka kai maganarta gaban alkali aka bi hukuncin matar wanda ya bata, aka yanka mata wa'adi, ta cika, sannan tayi idda. Tayi wani auren daga baya har ta haihu, amma duk Juma'ar farko bayan an shigo da dawa sai ta dauko tandarta ta dawo gidanmu ta toya masa ta raba, masa saboda ita ta kulla masa a tsumma ranar da aka tafi dashi. Da farko ba'a cewa sadakar mamaci saboda Kaka, cewa ake sadakar Allah ya dawo da matafiyi. Sai bayan Kaka ta rasu addu'ar ta koma Allah ya jikansa. Na ga Inna Karama da idona tana juya masa da tsinke hannunta na rawa, bata yarda kowa ya karba ba har shekarar da ta kwanta.

Bayan yakin duniya ta sake zama. Aka kafa Majalisar Dinkin Duniya a 1945, kasashe biyar suka ba kansu kujerar naki, har yau dinnan su ne. Jamus aka tsaga ta biyu, Amurka da Rasha suka shiga yakin cacar baka, Ingila da Faransa kuma suka fito a talauce. Indiya ta samu 'yanci 1947, Boma 1948. Sojojin Afirka da aka yi wa alkawari kuwa, a Caroy kusa da Dakar Faransa ta bude wa nata wuta a Disamban 1944 don sun nemi kudinsu, a Akara kuma 28 ga Fabrairun 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku suna tafiya kai koke, garin ya kama da wuta, Gana ta samu 'yanci 1957. Ana yawan cewa tsofaffin sojoji ne suka kawo mana 'yanci, ni dai a Arewa ban ga haka sosai ba, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa ne suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da NEPU ta 1950, yawancin 'yan Boma gona suka koma ko gadi ko dan doka ko tukin mota. Amma sun dawo da wani abu a ido. Baba yace ya ga Bature yana kuka yana kiran uwarsa, ya ga Bature yana zawo a bayan bishiya kamar kowa, daga nan bai kara cire takalmi don Di'o zai wuce ba, kuma kuri'arsa ta NEPU ce har aka daina. Sunayen wuraren da suka sha wuya kuma suna nan a barikoki mutane na fada basu san ma'ana ba, Dodan da Arakan da Miyohong a Ikko, Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Boma Kam a Akara.

Ranar 15 ga Janairu ba ruwanta da masarmu. Da can 11 ga Nuwamba ake tunawa da 'yan mazan jiya irin na Ingila, bayan yakin basasa ya kare a Janairun 1970 aka maido da ita nan. Baba yakan saka lambobinsa ya je fareti in an kira su, ya dawo ya maida su akwati, amma ranar masa ce yake kin fita gona.

Maganar abokinka kuma, sadaka ga mamaci tana isa gareshi, wannan ba malamin da ya musa, inda suke ja-in-ja shine ware rana. Mu bamu ce ranar tana da wata falala ba, ba yanka ba kida ba taron malamai, ranar da aka fitar dashi daga gida ce kawai, kuma in damina tayi jinkiri ranar ma matsawa take. Bana ina jin zata fado karshen Nuwamba, in zaka zo ka taho da shinkafar tuwo kwano biyar da mai, gwaggonka tace tandar ta tsage sai an sayo sabuwa. Ka gaida mamanka da yaran.