Hukuncin tura labarin da ba a san majiyarsa ba

Tambaya: Malam, na daina yarda da jaridu da gidajen rediyo saboda suna ɓoye wasu abubuwa, na koma bin masu shafukan kansu a intanet. Akwai laifi in tura abin da na karanta a wurinsu, idan na rubuta cewa haka aka turo mini?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka. Shari'a ba ta duba ko labari a takarda ya zo ko a waya. Mai kawo shi take dubawa. A Suratul Hujurat, aya ta 6, Allah ya umarce mu da neman tabbaci idan fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama.

Malaman hadisi ba sa kafa hujja da ruwayar wanda ba a san shi ba, ko da maganarsa ta yi daɗi. Abdullahi bn Mubarak ya ce isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito magana, yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A nan jarida ta fi shafin da ba a san mai shi ba: tana da edita, tana da adireshi, ana iya gurfanar da ita gaban kotu. Amma wannan bai mayar da ita ma'asumiya ba, kuma ƙorafinka yana da ƙamshin gaskiya. Mai shafin da aka san sunansa, yake faɗin majiyarsa, yake gyara kuskurensa a fili, ana karɓar labarinsa gwargwadon gaskiyar da aka san shi da ita.

"Haka aka turo mini" kuwa ba ta wanke ka. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ka tuna ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Shugaban munafukai Abdullahi bn Ubayyu ne ya jagorance shi, amma sahabbai Misɗahu da Hassanu bn Sabit da Hamnatu, waɗanda suka maimaita, an yi musu bulala.

Saboda haka labarin da ya taɓa mutuncin wani, ko zai tayar da hankalin jama'a, haramun ne ka tura shi kafin ka tabbatar. Idan ka riga ka tura, ka goge, ka sanar da waɗanda ka tura wa, ka tuba.

Allah ne mafi sani.